Kan Sarkin Jarida na Reluwen Niyu Zilan, 1890 zuwa 1925: Nazarin Wani Tari da Aka Jiƙa

A shekarar 1890, lokacin Niyu Zilan tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya, hukumar jiragen ƙasa ta ƙasar ta fitar da wasu 'yan takardu masu gam a baya da haƙora a gefe, kai ka ce kan sarkin gidan waya ne. Iri shida ne: na ɗari, wato rabin kwabo, da na kwabo, da na kwabo biyu, da na taro, da na kwabo huɗu, da na sisi. Na ɗari baƙi ne, na kwabo ruwan shunayya, na kwabo biyu shuɗi, na kwabo huɗu ja, na sisi kore, shi kuma na taro launinsa yana yawo tsakanin ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa. A jikinsu an rubuta "N.Z. RAILWAYS" da "NEWSPAPER", sai kuɗin kowanne. Ba don wasiƙa aka yi su ba. Aikinsu ɗaya: a manna su a kan damin jaridu, shaidar an biya kuɗin dako, a saka damin a taragon gadi, jirgi ya sauke shi a tashar da aka rubuta. Shekara 35 suka yi suna wannan aiki, har 1925.

Dalilin da reluwe za ta buga nata kan sarki alhali ga gidan waya yana nan, daga Ingila ya faro. Doka ta ba gidan waya shi kaɗai ikon ɗaukar wasiƙa, amma ba ta hana kowa ɗaukar jarida ko ƙunshin kaya ba. A 1855 aka soke harajin dole da ake bugawa a kan kowace jarida, farashi ya faɗi, jaridun kwabo suka fito, masu karatu suka yawaita. A wannan shekarar ne kamfanonin jiragen ƙasa na Ingila suka fara sayar da kan sarkin da ake biyan dakon jarida da shi tun kafin a kai tasha. Beljiyam ta fitar da na ƙunshin kaya a 1879. Ƙasashen mallaka suka bi sahu: Queensland, Victoria, New South Wales da sauran yankunan Ostareliya kowanne yana da reluwensa da kan sarkinsa, haka Cape da Natal a kudancin Afirka. Niyu Zilan ba ita ta fara ba, amma lamarinta ya fi daɗin nazari, domin hukuma ɗaya ce, zane ɗaya, tsawon zamani guda.

Yadda ƙasar take a lokacin

A 1870 ma'ajin gwamnati Julius Vogel ya kawo shirin ciwo bashi mai yawa daga Landan don a shimfiɗa layin dogo da hanyoyi, a kuma kawo baƙi su zauna. Aka zaɓi dogo mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, irin wanda daga baya aka shimfiɗa daga Legas zuwa Kano, saboda ya fi arha kuma ya fi iya bin duwatsu. A 1878 layi ya haɗa Christchurch da Dunedin, a 1879 ya kai Invercargill. Zuwa 1880, shekarar da aka kafa ma'aikatar reluwe, ƙasar tana da layin da ya wuce kilomita 1,900. A gefe guda kuma dokar ilimi ta 1877 ta mayar da firamare kyauta kuma dole ga 'ya'yan Turawan ƙasar. Yaran da suka shiga aji a ƙarƙashin wannan doka, zuwa 1890 sun zama samari masu neman abin karantawa a garuruwan da ke bakin dogo.

Manyan jaridun kuwa a manyan birane suke. Otago Daily Times a Dunedin da The Press a Christchurch duk a 1861 aka kafa su, New Zealand Herald a Auckland 1863, Evening Post a Wellington 1865. Jaridar safe in ba ta isa hannun mai karatu a ranar ba, ta zama takardar ƙunshe kaya. Ka ɗauka kai ne akawun tasha da asuba, amalanke ya tsaya maka da dami arba'in, kowanne da tasharsa, jirgi kuma saura kwata ya tashi. In sai ka auna kowane dami, ka rubuta masa takardar dako, ka karɓi kuɗi, ka ba da canji, to ko dai jirgi ya makara ko jarida ta kwana. Kan sarki ya warware wannan. Gidan jarida ya sayi fallaye tun da wuri, yaran ɗauri su manna gwargwadon nauyin dami, akawu ya duba ya soke, shi ke nan. Kuɗi ya riga ya shiga asusun reluwe tun kafin a buga jaridar. Ba mamaki da abin ya fito a zamanin da aka miƙa reluwe ga wasu kwamishinoni, daga 1889 zuwa 1894, waɗanda aka ɗora wa nauyin tafiyar da ita kamar kasuwanci.

Akwai wani tarko a nan da sabon shiga yakan faɗa. Gidan wayar Niyu Zilan ma yana da kan sarkin jarida na ɗari, wanda ya fito tun 1873, ruwan hoda, da hoton Sarauniya Victoria, an rubuta "NEWSPAPER POSTAGE". Wannan na jarida ɗaya ce da mutum zai aika wa ɗan'uwansa ta gidan waya, kuma yana cikin manyan kundayen farashi irin na Stanley Gibbons da Scott. Na reluwe ba ya ciki, domin ba gidan waya ya fitar da shi ba. Wannan rashin shiga kundi ya yi masa illa babba. Tsofaffin littattafan tara kan sarki sukan zo da gurabe a buge, kowane gurbi da hoton abin da za a manna. Abin da ba shi da gurbi sai a tura shi shafin baya tare da na haraji da na talla. 'Yan bora ke nan. A Ingila wani dillali mai suna H. L'Estrange Ewen ya tattara bayanin na reluwen ƙasarsa tun 1906, amma sai a 1959 aka kafa ƙungiyar Cinderella Stamp Club ta masu kula da irin waɗannan da kundaye suka bari. Kafin nan an yi ɓarna mai yawa.

Tarin da ya zo hannu

Wani dattijo da na sani, tsohon akawun gwamnati, yana tara kan sarkin ƙasashen da Ingila ta mallaka tun yana saurayi. Ya sayi wani tari na waɗannan kan sarkin jarida a gwanjon intanet, ya kira ni mu duba tare. Akasarinsu warwatse suke cikin ambulan, an raba su da takardar da suke kai, an busar, an danne sun miƙe sumul. Mai sayarwa har ya rubuta cikin tallarsa, da alfahari, cewa duk an wanke su tas. Da muka baza su a kan farar takarda sai muka ga wasu daga cikin na kwabo sun koɗe, shunayyar ta koma fari-fari, a bayan biyu ko uku kuma launin ya ratsa ya fito. Ruwa ne ya yi haka. Tawadar shunayya ta wancan zamani tana cikin masu saurin zuba.

A ƙasan ambulan ɗin akwai abu ɗaya da ya tsira. Guntun takardar ƙunshi ce ruwan ƙasa, ba ta fi tafin hannu ba, gefenta a yage, ga alamar igiya ta ratsa ta har ta bar kwari. A kanta akwai na kwabo biyu guda biyu a haɗe, ba a raba su ba, da na kwabo ɗaya an manna shi a karkace. An ja shuɗin fensir mai kauri sau ɗaya ya bi ta kan ukun ya fita zuwa kan takardar. Daga sama akwai ragowar wata farar takarda da aka buga, abin da ya rage na haruffan shi ne "AGO DAILY T", a ƙasanta kuma an rubuta "Oamaru" da hannu, rubutun mai sauri.

Alhaji ya juya ta, ya ce, "Malam, wannan ita ce mai datti a cikinsu. Bari in sa ta a ruwa in jera su da 'yan'uwansu, layin ya cika."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ta tukuna. Mu fara jin abin da za ta gaya mana."

Ga abin da ta gaya mana. Haruffan da suka rage ba za su zama komai ba sai Otago Daily Times, wadda ake bugawa a Dunedin. Oamaru gari ne a bakin teku, a kan babban layin da ya tashi daga Dunedin ya nufi Christchurch. Ke nan damin arewa ya yi, kuma da jirgin safe. Kuɗin dakonsa kwabo biyar, an haɗa shi da guda uku saboda babu kan sarkin kwabo biyar a jerin. Karkacewar na kwabon da jan fensir ɗaya tak sun nuna hannun da ke gaggawa. Babu kwanan wata a jiki, amma haƙoran sun rage mana nisa, kamar yadda zan bayyana. Wato daga guntun takarda ɗaya mun sami mai aikawa, da mai karɓa, da hanya, da kuɗi, da kusan zamani. Sauran da aka wanke, duk yawansu, babu wanda zai iya gaya maka ko daga tsibirin kudu ya fito ko na arewa.

Abin da ya sa asarar ta fi tsanani ga wannan jeri shi ne zanensa bai taɓa canzawa ba. Babu hoton mai mulki a kai. Sarauniya Victoria ta rasu a 1901, Edward na Bakwai ya hau ya rasu a 1910, George na Biyar ya hau, ƙasar kanta ta tashi daga matsayin mallaka zuwa dominiyan, wato ƙasa mai cin gashin kanta a cikin daular Birtaniya, a 1907. Kan sarkin gidan waya ya yi ta sauya kama a waɗannan shekaru, na reluwe kuwa yana nan yadda yake. In ka ɗauki na kwabo biyu a hannu, da ido kawai ba za ka san na 1891 ne ko na 1921 ba. Maɗaba'ar gwamnati a Wellington ta riƙa sake buga su duk lokacin da suka ƙare, da takardar da ta samu da injin hujin da ke aiki a lokacin. Don haka mai nazari abu uku yake dubawa. Takarda: wata lumui take, wata kuma in ka ɗaga ta ga haske za ka ga layi-layi a cikinta. Launi: bugu daban, duhu daban. Sai haƙora, waɗanda ake ƙirga yawansu cikin santimita 2, ma'aunin da wani Bafaranshe, Jacques Legrand, ya ƙirƙiro a 1866. Injin da ke ba da 11 ya fara aiki a maɗaba'ar ne a tsakiyar shekarun 1890, mai ba da 14 kuwa sai bayan shigowar ƙarni na 20. Da muka ɗora ma'auni a gefen waɗanda ke kan guntun takardar, 14 suka nuna. Damin nan bai tashi daga Dunedin ba sai bayan 1900.

Wannan ƙirgar haƙora ita kaɗai ta rage wa waɗanda aka wanke, kuma ba na raina ta. Aiki ne mai daɗi, yana koya wa mutum haƙuri da kaifin ido. Amma tarihin maɗaba'a yake ba ka, ba tarihin reluwe ba. Wanda ya sa hannu a wannan fanni don yana son jirgin ƙasa da tashoshinsa da mutanen da suka yi aiki a cikinsu, ruwa ya tafi da rabonsa.

Me ya sa irin wannan guntu ya yi ƙaranci? Wasiƙa ana ajiye ta, saboda akwai wanda ya rubuta da wanda ya karanta, ambulan ɗin kuma yakan zauna a akwati shekara ɗari. Takardar da aka ƙunshe jarida ba ta da mai so. Mai kanti ya yanke igiya, ya yage ta, ya hura wuta da ita ko ya ƙunshe wa wani kaya. Ita kanta takardar mai arha ce, ta niƙaƙƙen itace, tana cin kanta da kanta har ta yi ja ta riƙa karyewa. Ɗan abin da ya tsira, yara masu tara kan sarki ne suka tsince shi a tasha ko bayan kanti, su kuma abin da aka koya musu shi ne a jiƙa a cire. Ba laifinsu ba ne, haka kowa yake yi a lokacin. Amma wanda yake yin haka yau, bayan an san abin da ake asara, ba shi da uzuri, balle ya sa shi cikin talla.

Da yake mai takarda ya fi tsada, dole a yi hattara da jabu. Ba wuya mutum ya samo tsohuwar takardar ƙunshi ya manna mata kan sarkin da aka wanke. Abin dubawa na farko shi ne sokewar: ta faro daga kan sarki ta ci gaba a kan takardar ba tare da ta yanke ba? Wanda muka duba, jan fensirin ya bi ta kan haƙoran, har ya bar ɗan tsalle a inda kaurin kan sarkin ya ƙare, abin da ke da wuyar kwaikwayo. Na biyu, kwarin igiya ko lanƙwasa ya kamata su ratsa duka biyun in sun haɗu a wuri ɗaya. Na uku, a duba ko bayanin ya yi daidai da taswira da zamani. Misali, layin da ya haɗa Wellington da Auckland ba a gama shi ba sai 1908, layin da ya ratsa duwatsu ta ramin Otira zuwa gaɓar yamma ta tsibirin kudu kuma sai 1923. Guntun da ke nuna tafiya kai tsaye a kan hanyar da ba a gina ba tukuna, a ajiye shi gefe.

Yadda aka tsara shi

Waɗanda aka wanke mun raba su bisa haƙora, sannan takarda, sannan launi, waɗanda suka koɗe kuma aka ware su aka rubuta a ƙasa cewa ruwa ne, don kada wani ya zo ya ɗauka sabon launi ne aka gano. Wannan kuskure yana faruwa, har akan sayar da koɗaɗɗe da sunan wanda ba a cika samu ba. Guntun takardar kuwa shafi guda aka ba shi shi kaɗai, a kan kwali marar asid, cikin leda irin ta adana takardu, ba mai laushin nan da ke maiƙo ba. Ba gam, ba salatif. A ƙasansa Alhaji ya zana layin da hannunsa, Dunedin a ƙasa, Oamaru a sama, Timaru da Christchurch can gaba. A ƙasarmu sai an ƙara kula: da damina laima tana sa gam ya farka shafuka su manne, da hunturu takarda takan bushe ta karye, ga gara da kyankyaso. Littafin a tsaye ake ajiye shi, ba a kwance a danne ba, kuma a riƙa buɗe shi yana shan iska.

Zana taswirar ya jawo wata magana da nake ganin bai kamata mai tara kayan zamanin mallaka ya tsallake ta ba. Oamaru, Timaru, Te Kuiti, Taumarunui, duk sunayen Maori ne, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Babban layin tsibirin arewa ya daɗe a tsaye a Te Awamutu, domin gabansa ƙasar da Maori suka hana shiga ce bayan yaƙe-yaƙen shekarun 1860. Sai a 1885, bayan doguwar tattaunawa da shugabannin ƙabilar Maori ta Ngāti Maniapoto, aka sari ƙasa a bakin kogin Puniu don ci gaba da layin. Dogo na shiga, masu awon fili da kotun filaye da masu saye na gwamnati suka biyo baya, ƙasa mai yawa ta fita daga hannun masu ita. Jaridun da waɗannan kan sarki suka ɗauka, akasari ga sababbin mazauna wannan ƙasa suke zuwa. Wanda ya san yadda dogo ya iso Kano a 1911 da abin da ya biyo bayansa na gyaɗa da haraji, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma duk wanda ya gaji tsofaffin takardun reluwe na Zariya ko Minna ko Kafancan, tikiti ne, takardar dakon kaya ce, ko ambulan mai hatimin gidan wayar da ke cikin jirgi, hukuncinsu ɗaya da guntun Oamaru: kada almakashi ko ruwa ya taɓa su.

A 1925 hukumar ta janye kan sarkin jarida ta kawo sabon jeri mai rubutun "RAILWAY CHARGES", wanda ya haɗa jarida da ƙunshin kaya da sauran kuɗaɗen tasha, daga ɗari har sule goma. Babban bambancinsa shi ne ana buga sunan tasha a kan kowanne kafin a aika mata, ta yadda kowane falle yana ɗaure da asusun tashar da ta karɓe shi. Don lissafi da tsare kuɗi aka yi haka, amma ya zama alheri ga masu tarawa: ko an jiƙa, sunan yana nan. Shi ya sa masu bin wannan jeri na biyu tashoshi suke farauta. Na Wellington da Auckland da Christchurch suna da yawa, na ƙananan tashoshin karkara, waɗanda wasunsu an rufe an kwashe dogonsu tuni, sai an sha wuya. Duk da haka sunan da aka buga inda kaya ya tashi kawai yake faɗa. Inda ya nufa, da abin da aka ɗauka, da jimillar abin da aka biya, har a wannan jerin a kan takardar ƙunshi suke.

Alhaji ya rubuta wa mai gwanjon. Bai yi masa faɗa ba. Ya tambaye shi ko akwai sauran waɗanda bai kai ga wankewa ba, ya ce in akwai a turo su yadda suke, da yagarsu da ƙurarsu da guntun igiya in ta maƙale, kuma zai biya fiye da abin da ya biya a kan masu tsabta.